Dajin Kebbe Ba Kasuwa Ba Ne: Martani ga Mai Son a Jera Masa Fitilu

Wani ɗan'uwa marubuci, wanda na daɗe ina karanta rubutunsa, ya fito kwanan baya da maganar da ta samu karɓuwa ƙwarai a wurin mutanenmu na kudancin Sakkwato. A taƙaice cewa ya yi, zancen da masana ke yi na cewa hasken lantarki yana ɓata dare, yana kuma cutar da halittun daji, zance ne na waɗanda suka ƙoshi. A ganinsa mutumin Fakku da ke kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, wanda matarsa ke haihuwa a hasken cocila, ba shi da lokacin tausayin jemage. Daga nan ya kawo shawara: a jera fitilun sola masu ƙarfi a hanyoyin da suka ratsa daji, a bakin gandun daji, a burtali da mashaya, har ya zama ɓarawo ba shi da wurin laɓewa.

Malam, rabin maganarka gaskiya ce, kuma ba zan yi mata kwana-kwana ba. A 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya kusan miliyan 85 ba su da wutar lantarki, kuma duk wanda ya sauka daga titin Sakkwato zuwa Jega ya nufi ƙauyukan Kebbe ya san muna da kaso mai tsoka a wannan lissafi. Ɗakin haihuwa yana son haske. Makarantar dare, tasha, bakin kasuwa, harabar masallaci, rijiyar burtsatse da mata ke zuwa tun da asuba, duk suna so. Wanda ya ce a bar waɗannan wurare cikin duhu don tsuntsu ya ji daɗin barci, ni zan riga ka yi masa raddi. Sai dai ban san mai faɗin haka ba. Inda muka rabu da kai shi ne inda ka ɗauki hujjar gari ka kai ta daji, ka auna su da mudu ɗaya.

Bari in fara da tsaro, tunda nan ne ƙarfin maganarka yake.

Fitila ba ta gadi. Ido ne ke gadi, fitila taimaka masa take yi in akwai shi a wurin. Shi kuma idon ɗan Adam yana da halinsa. In mutum ya fito daga haske ya shiga duhu, sai ya yi minti 20 zuwa 30 kafin idonsa ya gama sabawa, ya fara rarrabe kututture da mutum. Kallo ɗaya ga farar fitila mai ƙarfi yana rushe wannan sabo. Shi ya sa wanda ke tsaye ƙarƙashin fitilar sola ba ya ganin komai bayan iyakar da haskenta ya zagaye, alhali wanda ke can cikin duhu yana ganinsa sarai, har launin rigarsa da abin da ya rataya. Tambayi duk ɗan banga da ya san aikinsa inda yake zama in yana tsaron bakin gari. Ba zai nuna maka gindin falwaya ba. Inuwar katanga zai nuna maka, ko gindin wata bishiya, inda shi yake gani ba a ganinsa.

Na san akwai binciken da ke goyon bayanka, kuma ba zan ɓoye shi ba. A birnin Niyok na Amurka an yi gwaji a 2016, aka ƙara fitilu masu ƙarfi a wasu rukunin gidajen gwamnati, aka ga manyan laifukan da ake yi a waje da dare sun ragu da kimanin kashi 36 cikin 100. Akwai kuma wani binciken da aka fitar a 2015 kan ƙananan hukumomi 62 na Ingila da Wales da suka rage fitilun titi don tsimin kuɗi, ba a ga shaidar laifi ko haɗarin mota ya ƙaru ba. Ko da mun ɗauki na farkon kaɗai, dubi inda aka yi shi: benaye ne cike da mutane, tagogi suna kallon fili, 'yan sanda suna iya isowa cikin 'yan mintoci. Hasken ya yi aiki ne saboda akwai masu kallo, kuma akwai wanda za a kira. A dajin da ke tsakanin ƙauyukan Kebbe da iyakar Zamfara, wa ke leƙe ta taga da ƙarfe biyun dare? In ma ya gani, da wane sabis zai kira, kuma ta wace hanya mota za ta iso da damina?

Sannan ga lissafi. In an sa falwaya ɗaya a kowace mita 30, kilomita guda tana cin fiye da 30. Hanyar kilomita 20 za ta ci sama da 600, kuma abin da za su haska siririn layi ne kawai. Taku hamsin gefe, duhu yana nan yadda yake, har ma ya fi baƙi ga idon matafiyin da hasken ya kashe. Wanda aka haska shi ne mai babur da ke bin hanya. Wanda ya yi kwanton ɓauna a gefe an rage masa wahala ne. Balle ma mutanen da muke magana a kansu ba ɓarayin kaji ba ne masu jiran wata ya faɗi. Da rana tsaka suke shigowa gari a kan babura, goma-goma, ba su rufe fuska ba. Batir da faifan sola kuwa da aka kafa a inda babu mai tsaro, kowa ya san makomarsu.

To me za a rasa in an haska dajin, ko da bai yi maganin ɓarawo ba? A nan ne Malam ya yi dariyar jemage, kuma a nan nake son mu zauna kaɗan, domin maganar ta tukunyar miya ce.

Kuka ba ta buɗe furenta da rana. Da almuru take buɗe shi, babban farin fure mai rataye da kai ƙasa, mai wani irin wari da ba ya yi wa ɗan Adam daɗi, kuma dare ɗaya yake yi ya fara yaushi. Wannan wari da wannan fari ba don mu aka yi su ba. Jemagu masu cin 'ya'yan itace ne ke zuwa shan ruwan furen, garin fure ya manne musu a gashi, su kai shi wata kukar. Haka ɗorawa: jajayen tuntayen nan da ke lilo a rassanta da rani, cikin dare suke zubo da ruwan zaƙinsu, jemagu su yi ta kaiwa da komowa a kansu. Rimi ma haka. Ƙudan zuma suna zuwa da sassafe su yi nasu, gaskiya ne, amma jemage shi ne mai dogon zango, shi ke haɗa bishiyar wannan gona da ta wancan daji, kuma shi ke yar da irin itatuwa a fagen da aka sare. Daga ɗorawa ake samun kalwa, daga kalwa daddawa, ga garin ɗorawa da yara ke sha, ga makuba da ake shafe katanga da daɓe. Matar da ke dafa kalwa kwana da kwanaki ta kai daddawa kasuwar Tambuwal tana da abokin sana'a da ba ta taɓa gode masa ba, kuma aikin dare yake yi.

Abin da haske ke yi wa irin wannan aiki an auna shi. A Kosta Rika, wani bincike da aka fitar a 2014 ya nuna jemagu masu cin 'ya'yan itace suna ƙaurace wa wurin da aka haska, suna ɗibar 'ya'ya kaɗan a can in an kwatanta da wuri mai duhu. A Suwizalan, Eva Knop ta Jami'ar Bern da abokan aikinta sun kafa fitilun titi a filayen ciyawa da ba su taɓa ganin lantarki ba, suka wallafa sakamakon a 2017: ziyarar ƙwarin dare ga furanni ta ragu da kashi 62 cikin 100, kuma wani tsiro da suka bi diddiginsa ya rage 'ya'ya da kashi 13 cikin 100, duk da ƙwarin rana sun ci gaba da zuwa. Ba ina cewa falwaya ɗaya za ta ƙarar da daddawa a Kebbe ba ne. Amma itatuwan nan suna cikin wahala tun yanzu. Gatari yana bin su, masu gawayi suna bin su, gona tana cin daji, matasan kuka da ɗorawa sun yi ƙaranci a gonaki saboda awaki da garma. Ƙara musu wani nauyin da kuɗin gwamnati, don amfanin da ba za a samu ba, shi ne abin da nake ƙi.

Ba ma sai mun je Turai neman shaida ba. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san daren shinge. Ruwan farko ya sauka da yamma, ƙasa ta yi ƙamshi, sai ga su sun fito daga suri dubbai, sun nufi duk inda wuta take. Yara su kawo kwano da ruwa su ajiye ƙarƙashin fitila, shinge su yi ta faɗawa, da safe fukafukai sun rufe ƙasa, a soya a sa gishiri. Abin farin ciki ne, domin dare ɗaya ne ko biyu a shekara, kuma fitilar ƙwai ce da ake hurewa in an gama. Yanzu je ka tsaya gindin fitilar sola da damina. Tun magariba har asuba ƙwari suna zagaya ta, kowane dare, har su gaji su zubo. Kwaɗi sun taru a ƙasa suna ta lashe. Kunama tana fitowa farauta, kuma inda kwaɗi suka yi yawa maciji ba ya nisa. A cikin gari wannan ɗan abin haƙuri ne, ana share wurin da safe. A bakin mashaya ko tsakiyar gandun daji, tarko ne da ke zuƙe ƙwarin wurin dare bayan dare, su kuwa su ne abincin tsuntsaye da ƙadangaru da kifin fadama, su ne masu yi wa furanni barbara.

Har buzuzu yana da ruwa a maganar. A 2013 Marie Dacke ta Jami'ar Lund da abokan aikinta suka nuna, da gwajin da suka yi a Afirka ta Kudu, cewa buzuzun dare yana daidaita hanyarsa da farin zanen taurarin nan da ke ratsa sama in babu wata. Da shi yake mirgina dunƙulen kashin shanu a miƙe, ya yi nisa da abokan ƙwace kafin ya binne. A 2021 suka sake nuna cewa inda hasken birni ya dushe sama, ko fitila ke kusa, sai ya rikice ko ya nufi fitilar. Makiyayi ba ya buƙatar a gaya masa amfanin wanda ke binne kashin shanu a makiyaya: taki ne ke shiga ƙasa, ƙudaje ne ke raguwa. Ga kuma ƙananan tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su ƙetare Sahara su sauka a dausayin Haɗeja da Nguru da fadamun Rima. Da yawansu tafiyar dare suke yi, kuma haske mai ƙarfi yana karkatar da su daga hanya.

Malam ya ce wannan duk sabon salo ne da aka shigo mana da shi. To ai haske ya daɗe da shiga dazuzzukanmu, kuma mun ga aikinsa. Fitilar goshi ta maharbin dare ita ce ta fara. Mai farauta ya ɗaura ta a kai, ya bi daji yana waiwaye, sai ya hango ƙwayoyin ido biyu suna ƙyalli. Gada ko zomo in haske ya dalle musu ido sai su sandare, ba gudu ba ɓuya, har a ɗana bindiga a nitse. Ba a rarrabe mai ciki da mai shayarwa. Tsofaffin maharba na asali, masu sanin sawu da iska, ba su ɗauki wannan a bakin bajinta ba. Tun 1933 yarjejeniyar da aka ƙulla a Landan kan kare namun dajin Afirka ta sa fitila mai kashe ido cikin hanyoyin farautar da ya kamata a hana. In an ce waccan ta Turawan mulkin mallaka ce, to a 1968 shugabannin Afirka da kansu suka zauna a Aljiyas suka sa hannu kan tasu yarjejeniyar, ita ma ta hana farautar dare. Yau cocila mai caji da ke kai haske nesa ta yi arha a kowace kasuwar ƙauye. Wuraren da aka keɓe don namun daji, Kainji da Kamuku da Kuyambana da Yankari, har da gandun W na Nijar, ba fitilar ɗalibi mai bitar karatu ce ke shiga cikinsu da dare ba. Ta mafarauci ce, da ta motar masu itace da gawayi, da janaretan masu haƙar zinariya.

Saura maganar ƙoshi. A 2016 Fabio Falchi da abokan aikinsa suka fitar da taswirar hasken sama na dare ta duniya. Ta nuna sama da kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya suna zaune ƙarƙashin saman da lantarki ya dusashe, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku ba sa iya ganin wancan farin zanen taurari daga inda suke. Ƙasashen da samansu ya fi tsabta su ne Cadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Madagaska. Na san amsar Malam: ai talauci ne ya ba su wannan matsayi. Haka ne, kuma ba na yi wa kowa fatansa. Amma abin lura shi ne waɗanda suka riga mu haskawa yanzu kuɗi suke kashewa suna gyara. Faransa ta yi doka a ƙarshen 2018 da ta ƙayyade launin fitilun waje da lokacin kashe su, ta hana harba haske sama, ta kuma fi tsanantawa a wuraren da aka keɓe don halittu. A nahiyarmu, gandun NamibRand na Namibiya ya samu shaidar duniya a 2012 a matsayin wurin da ake kare duhun samansa, na farko a Afirka, kuma baƙi suna biya don su je su kwana su kalli taurari. Ba zan yaudari kowa da cewa gobe masu yawon buɗe ido za su cika Fakku ba. Babu mai zuwa kallon taurari inda ake satar mutane. Abin da nake nufi ya fi wannan sauƙi: waɗanda suka riga mu sun kafa miliyoyin fitilu ba daidai ba, sai daga baya suka gane. Mu yanzu muke kafa na farko. Gyaran da zai ci su dukiya, mu a wurinmu magana ce ta inda za a haƙa rami da yadda za a karkata kan fitila.

Kuma abin yana gudu. Hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna faɗin ƙasar da ake haskawa da dare a duniya yana ƙaruwa da kashi 2.2 cikin 100 duk shekara tsakanin 2012 da 2016. Wani binciken na 2023, da aka gina kan abin da dubban mutane suka gani da idonsu daga 2011 zuwa 2022, ya ce hasken sama yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a shekara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: fitilun zamani sun yi arha, ba su cin wuta, don haka ake ta ƙara su. A wurinmu kuma fitilar sola ta zama aikin mazaɓa mafi farin jini, domin ana kafa ta cikin yini ɗaya, ana rubuta suna a jikinta, ana ganinta daga nesa.

Akwai abin da ban so in wuce ban taɓa ba, ko da Malam zai ce son zuciya ne. Ƙasar Sakkwato ƙasar lissafin taurari ce. Har gobe manomi a nan yana tambayar wane tauraro ake ciki, Haƙa'a ko Hana'a, Zira'a ko Nasara, Ɗarfa ko Jabha, taurari 28 masu kwana 13 kowanne in ban da guda mai 14, kuma da su yake auna shuka da noma da kaka. Yawanci a takarda ake bin lissafin yanzu, amma asalinsa daga sama aka karanto shi. Yaron Fakku yana iya ɗaga kai ya nuna maka Kaza da 'Ya'yanta ba tare da an koya masa a aji ba. Takwaransa da ya tashi kusa da manyan shataletalen Birnin Shehu sai an ɗauke wuta yake ganinsu da kyau.

Abin da nake roƙo ba ya rage wa kowa haske, yana ma ƙara shi a inda ake so. A fara daga tsakiyar gari a yi waje, a tsaya a gidan ƙarshe. Asibiti da makaranta da rijiya da kasuwa su samu kafin a yi zancen wani wuri. Kan fitila ya kalli ƙasa sosai, kada a ɗaga shi yana dallo idon mai zuwa, domin duk hasken da ya tafi sama ko ya bazu cikin daji batir ne aka ƙona a banza. A zaɓi mai ɗan ja-ja irin na fitilar ƙwai maimakon fari fat mai shuɗi-shuɗi, saboda farin ya fi jan ƙwari, ya fi kuma kashe ido. Da yawa daga cikin fitilun sola da ake sayarwa yanzu suna da na'urar da ke rage haske in dare ya raba, ta ƙara shi in wani ya gitta. A sa ɗan kwangila ya saita ta, batir ya fi daɗewa, kuma fitilar da ta yi wal ba zato a bakin gari ta fi gaya wa ɗan banga labari a kan wadda ke ci tun magariba. Inda dole sai an sa wuta a daji, kamar sansanin jami'an tsaro ko ofishin ma'aikatan gandun daji, su da kansu za su fi son wadda aka rufe wa gefe, don kada ta tallata su.

Kuɗin falwaya 600 ɗin can kuwa, in da gaske akwai su, dajin Kebbe yana da buƙatun da suka riga su: hanyar da motar jami'an tsaro za ta bi a watan Agusta ba ta kafe ba, turken sadarwa da zai sa kiran gaggawa ya shiga, da albashin masu gadin daji da suka san kowane kwazazzabo. Su kuma fitilun da aka riga aka kafa suna kallon sama, ba sai an jira kasafin kuɗin baɗi ba. Hakimi ko kansila yana iya kiran mai walda daga Tambuwal ya lanƙwasa musu hular kwano, ya sunkuyar da kawunansu, a gama unguwa guda kafin la'asar.